Daga Allon 8085 Zuwa RISC-V: Waiwaye Kan Koyar da Tsarin Cikin Kwamfuta

Duk ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jihar Katsina, na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ne ko na Al-Qalam ko na Dutsin-Ma, sai ya ci karo da zanen nan na akwatuna da kibiyoyi: furosesa, ma'adana, ƙofofin shiga da fita. Tushensa rahoton John von Neumann ne na 1945 kan na'urar EDVAC, inda aka ajiye umarni da bayanai a ma'adana guda.

A 1964 kamfanin IBM ya fitar da System/360, injuna manya da ƙanana masu karɓar umarni iri ɗaya. Daga nan darasin ya rabu biyu: abin da mai rubuta manhaja yake gani, wato umarni da rajistoci (ƙananan wuraren ajiya a cikin furosesa), da kuma yadda aka ƙera cikin injin.

Furosesan Intel 8085, wanda ya fito a 1976, ya daɗe yana cin kasuwarsa a ɗakunan gwaji. Bit 8 yake sarrafawa a lokaci guda, yana da layukan adireshi 16 na nuna wuri a ma'adana, don haka iyakar ma'adanarsa bayit 65,536. Ɗalibi zai rubuta umarni a takarda, ya duba jadawali ya mayar da umarni irin su MVI A (zuba lamba a rajistar A) zuwa lambar da injin ke ganewa, wato 3E, sannan ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya a allon gwaji. In ya cusa umarni mai bayit biyu a tsakiya, duk adireshin da ke ƙasa ya gusa. In bai gyara umarnin tsallake ba, wato wanda ke tura shirin zuwa wani adireshi, shirin ya ɓace. Akwai wahala, amma wanda ya sha ta ba ya manta aikin rajistar da ke nuna umarni na gaba.

A farkon shekarun 1980 David Patterson a Berkeley da John Hennessy a Stanford suka bunƙasa tsarin RISC, wato furosesa mai sauƙaƙan umarni. MIPS, ɗaya daga cikin irin waɗannan furosesa, ya shiga aji da matakansa biyar: ɗauko umarni, fassara shi, aiwatarwa, taɓa ma'adana, rubuta sakamako; umarni na gaba yana fara matakansa tun na baya bai gama ba. RISC-V, wani tsarin umarni na dangin RISC, ya biyo baya a 2010, ba kuɗin lasisi.

Yau MARS da Logisim, manhajojin da ke kwaikwayon furosesa da da'irorinsa, suna gudana a laftof ko da an ɗauke wuta. Illarsu ita ce manhaja ke lissafa wa ɗalibi adireshi. Shi ya sa gara malami ya fara da takarda: umarni uku, a ja layin kowane bugun agogon furosesa, wato lokacin mataki guda. In na biyu yana buƙatar abin da na farko ya ɗauko daga ma'adana, ko da an miƙa sakamakon kai tsaye, dole ya jira bugu ɗaya. Nan mafi yawan masu hadda suke tuntuɓe.