Gini kaɗai ba ya kawo masana'antu

An daɗe ana cewa da zarar an ware fili an gina cibiyar bincike da ƙirƙira, kamfanoni za su yi ta tururuwa, arzikin yanki ya bunƙasa nan take. Ba abin mamaki ba ne a yi wannan zato, domin gini shi ake gani da ido.

Amma duba jihar North Carolina ta Amurka. A 1959 aka kafa irin wannan dandali a tsakanin jami'o'i uku, lokacin da jihar ta dogara da taba, masaƙu da kayan katako, matasan da suka yi karatu kuma suna ficewa neman aiki. Shekarun farko filin kusan fayau yake. Sai a 1965 wani babban kamfanin kwamfuta ya shigo, sannan wasu suka biyo baya. Abin da ya jawo su shi ne malamai da ɗaliban jami'o'in nan, da haƙurin masu tafiyar da wurin.

In kana son tantance irin wannan cibiya da kanka, ka tambaya: kamfanoni nawa ke aiki a ciki? 'Yan yankin nawa aka ɗauka? Wace jami'a ke kusa?

Don Allah a tura wa wasu su ma su karanta.