Wa ke da ikon ƙulla yarjejeniya da ƙasar waje a Ghana, shugaban ƙasa ko majalisa?

A watan Satumbar 2025 Shugaba John Mahama ya tabbatar cewa Ghana ta karɓi mutum 14 da Amurka ta koro, cikinsu har da 'yan Najeriya. Nan take 'yan adawa na jam'iyyar NPP suka ce ba a bi doka ba, tunda ba a kai maganar gaban majalisa ba.

Me dokar ta ce?

Sashe na 75 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ba shugaban ƙasa ikon sa hannu a yarjejeniya da sunan Ghana, amma da sharaɗi: sai majalisa ta amince. Ko dai ta yi doka a kai, ko ta zartar da ƙuduri da goyon bayan fiye da rabin dukkan 'yan majalisa. A lura, dukkansu aka ce, ba waɗanda suka halarci zaman ranar kaɗai ba. A majalisa mai kujeru 276, ƙuri'a 139 ke nan.

To ina aka samu saɓani, tunda magana a fili take?

A kan abin da za a kira yarjejeniya. A Janairun 2016 gwamnatin Mahama ta farko ta karɓi 'yan Yemen biyu da aka sako daga kurkukun Guantanamo, su zauna shekara biyu, ba tare da ta tuntuɓi majalisa ba. NPP, wadda ke adawa a lokacin, ta tayar da jijiyar wuya. Wasu 'yan ƙasa biyu suka garzaya Kotun Ƙoli. Hujjar gwamnati ita ce musayar wasiƙun diflomasiyya kawai aka yi, abin bai kai matsayin yarjejeniya ba. A Yunin 2017 kotu ta yi watsi da wannan hujja da rinjayen alƙalai shida, ɗaya ya saɓa. Ta ba da wata uku: ko a kai wa majalisa, ko a mayar da mutanen inda suka fito.

Kafin hukuncin ya fito mulki ya riga ya koma hannun Nana Akufo-Addo na NPP. Don haka NPP, wadda ta yi ta sukar kawo mutanen, ita ce ta kai takardar majalisa, aka kuma amince da ita.

Su NDC fa, jam'iyyar Mahama, da suka koma adawa?

Sai suka ɗauki muryar da NPP ta ajiye. A Maris 2018 aka kawo yarjejeniyar haɗin kan soja da Amurka, wadda ta ba sojojin Amurka damar amfani da wasu wurare a Ghana. 'Yan NDC suka ce an sayar da 'yancin ƙasa, suka fice daga zauren, masu rinjaye suka amince su kaɗai, jama'a kuma suka yi zanga-zanga a Accra. Cikin manyan masu suka a lokacin har da Samuel Okudzeto Ablakwa. Shi ne ministan harkokin waje a 2025, shi ne kuma ya ce batun waɗanda aka koro takardar fahimtar juna ce, ba ta buƙatar amincewar majalisa. Hujjar da kotu ta ƙi a 2017 ce aka sauya wa riga.

In gwamnati na da rinjaye, me ya sa take gudun majalisa?

Nan ne abin ya fi ba ni takaici. NDC ta samu kusan kashi biyu cikin uku na kujeru a zaɓen Disambar 2024, ƙuri'a 139 ba za ta gagare ta ba. A ganina ba ƙuri'ar ake tsoro ba, karanta takardar ake tsoro. Da zarar an ajiye ta a gaban majalisa, kwamiti zai duba, 'yan jarida za su samu kwafi, a tambayi me aka karɓa, me aka bayar, wa zai ciyar da mutanen, ina za a kai su daga baya. A 2018 'yan adawa sun sha kaye, amma aƙalla 'yan Ghana sun ga sharuɗɗan da idonsu. Iyalan ɗan Najeriyar da aka sauke a Accra su ma suna da haƙƙin sanin a kan wace ƙa'ida aka tsare shi ko aka tura shi gaba.

Haka tsarin yake a Najeriya?

A'a. Sashe na 12 na kundin 1999 cewa ya yi yarjejeniya ba ta zama dokar cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Bai hana ɓangaren zartarwa sa hannu ya ɗaure ƙasa a waje ba. Obasanjo ya sa hannu a yarjejeniyar Greentree da Kamaru kan yankin Bakassi a 2006. A Nuwamban 2007 Majalisar Dattawa ta ce ba ta yarda ba tunda ba a kawo mata ba, amma a Agustan 2008 aka kammala miƙa yankin ga Kamaru.