Bayis ɗin kafinta na gida

Bayis na'ura ce da ke damƙe katako a jikin teburin aiki, domin kafinta ya samu sakin hannuwansa biyu yayin yanka da zarto, ko kankara, ko fafe rami. Na ƙarfe da ake shigowa da shi daga waje yana da tsada, shi ya sa kafintoci da yawa ke haɗa nasu.

Mafi sauƙi shi ne mai baki biyu: katako ɗaya a kafe a gefen tebur, ɗayan yana matsowa. Ana huda su a jere, a zura sandar ƙarfe mai zare, wato irin wadda ake murɗa noti a jikinta, a binne noti a bayan kafaffen, a sa mai walda ya liƙa mariƙi a kan sandar. Wanda ke da sanda biyu ana kiransa da sunan Joseph Moxon, mai buga littattafai a Landan, wanda ya zana shi a ƙarni na 17.

Sandar ita ce ran bayis. Mai kaurin milimita 16 tana matsawa milimita 2 kacal a kowane juyi, ga shi zarenta na saurin cinyewa. Sandar tsohon jak ɗin mota ta fi ta nesa ba kusa ba, don zarenta mai faɗi ne, an yi shi domin ɗaukar nauyi. A Jos ana samun irinta wajen masu kayan gyaran mota a Dilimi.

Katakon baki kuwa sai mai tauri, kamar maɗaci, kaurinsa ya kai inci 2. A Kasuwar Katako ana samun guntaye da araha, amma a tabbatar busasshe ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Filato: ɗanyen katako da aka haɗa da damina yana tsukewa ya lanƙwashe idan hunturu ya shigo, bakin ya daina haɗuwa.

Aibin irin wannan bayis shi ne karkacewa idan aka matse abu a gefe guda. Maganinsa a cusa guntu mai kauri iri ɗaya a ɗaya gefen. Wasu na manna fata ko tsohon tib a ciki don kada ya ji wa aiki ciwo, su riƙa shafa wa zaren giris.