Ƙaiƙayin Gaba a Shekarun Ɗaukewar Al'ada

Ƙaiƙayin gaba na daga cikin matsalolin da ke addabar mata daga lokacin da jinin al'ada ya fara yi musu wasa har bayan ya ɗauke ɗungurungum, abin da yawanci ke faruwa tsakanin shekara 45 zuwa 55. Yawanci tushensa raguwar istirojin ne, wato sinadarin da jikin mace ke samarwa mai daidaita al'ada. Idan ya ja baya, fatar farji takan rage kauri ta bushe, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke gadin wurin su yi ƙaranci. Daga nan sai ƙaiƙayi, da raɗaɗi wajen fitsari, da zafi yayin saduwa. Zafin jiki da gumin dare kan lafa bayan wasu shekaru, amma wannan bushewa ba ta cika tafiya da kanta ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar kowane ƙaiƙayi a matsayin ciwon sanyi. Mace ta yi ta zirga-zirga kemis tana sayen maganin cusawa, ko ta koma zama cikin ruwan bagaruwa, ko matsi da alif, ko tsarki da ruwan Dettol. Duk waɗannan ƙara ƙeƙasar da fatar suke yi, ita da dama a bushe take. Haka sabulu mai ƙamshi da turaren tsuguno.

Matakin farko mai sauƙi ne: tsarki da ruwa zalla daga waje, ɗan kamfai na auduga, man damshi na farji duk bayan kwana 2 ko 3, da mai sa santsi lokacin saduwa. Idan bai wadatar ba, likita kan rubuta istirojin na shafawa ko na cusawa, yawanci kullum har mako 2, sannan sau 2 a mako. Kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, amma wadda ta taɓa yin sankarar mama sai da shawarar likitanta.

Ba kullum laifin istirojin ba ne. Ciwon suga kan jawo ƙaiƙayi mai naci. Farin tabo a leɓen farji, ko miki da ya ƙi warkewa, ko ganin jini bayan wata 12 da ɗaukewar al'ada, duk suna buƙatar likitan mata ya duba ba tare da jinkiri ba.