Tambayoyi da amsoshi kan sabon yankin Akko ta Yamma mai hedikwata a Pindiga

Tun da aka sanar da ƙirƙiro sababbin yankunan raya ƙasa a Jihar Gombe, tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaita mini a ƙofar masallaci da wurin ɗaurin aure da kuma ta waya, domin an san na yi aikin ƙaramar hukuma har na yi ritaya. Bakina ya gaji da nanata magana guda, saboda haka na tattara amsoshin a nan, kuma ina roƙon 'yan'uwa su karanta da natsuwa kafin su sake kirana.

Shin Pindiga ta zama ƙaramar hukuma ke nan?

A'a. Ƙananan hukumomin Jihar Gombe 11 ne har gobe, kuma Akko mai hedikwata a Kumo tana cikinsu. Abin da aka samu shi ne yankin raya ƙasa, wanda takardun gwamnati ke kira LCDA.

Wa ya ƙirƙiro shi, kuma yaushe?

Majalisar Dokokin Jiha ce ta yi dokar, Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya sanya mata hannu a watan Agusta na 2025. Yankuna 13 aka ƙirƙiro, biyu daga cikinsu a Akko, wato Akko ta Arewa da ke Amada da Akko ta Yamma da ke Pindiga.

Ɗana zai cike takardar shiga jami'a ko aikin soja. Akko zai rubuta ko Akko ta Yamma? Kuma takardar shaidar asali da muke da ita ta daina aiki ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi hana ni barci, domin kuskure a nan yana iya jawo wa yaro asarar shekara guda, wani lokaci ma asarar damar baki ɗaya. A duk wata takarda ta Gwamnatin Tarayya, ko ta JAMB ce, ko ta ɗaukar soja da 'yan sanda, ko fasfo, ko rajistar katin ɗan ƙasa, Akko za a rubuta. Dalili kuwa shi ne waɗannan hukumomi suna aiki ne da jerin ƙananan hukumomi 774 da ke cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, kuma wanda ya zauna gaban kwamfuta zai ga cewa ko ya nemi Akko ta Yamma ba zai same ta a jerin ba.

Tsohuwar takardar shaidar asali, wadda jama'a ke ce wa indijin, tana nan da ƙarfinta. Kada wani ya ruɗe ku cewa sai an sabunta ta, balle ya karɓi kuɗinku a kan haka. A ajiye ta a cikin leda, a ɗauki kwafinta, kada a miƙa ta ainihin ga kowa ya tafi da ita.

Inda maganar ke da ɗan wuya shi ne ga wanda bai taɓa karɓa ba, yanzu yake so ya nema. A al'ada ana farawa ne daga mai unguwa, ya shaida cewa ya san mahaifin yaro, a je wa dagaci, daga nan hakimi ya ba da wasiƙa, sannan a kai sakatariya. Wannan tsani bai canja ba. Idan ofishin da ke Pindiga ya ba ka takarda, to ka duba ta da idonka kafin ka fita daga ɗakin: shin sunan Ƙaramar Hukumar Akko ya fito a kanta, a rubuce da kuma a hatimi? Idan ya fito, hankalinka ya kwanta. Idan kuwa sunan yankin kaɗai ke jiki, tana iya yi maka amfani a harkokin jiha, kamar neman tallafin karatu ko aikin gwamnatin jiha, amma shawarata ita ce ka daure ka je Kumo ka karɓi wadda ke ɗauke da sunan Akko kafin ka tafi wurin tantancewa na tarayya. Jami'in da ke tantance dubban matasa a filin bariki, rana tana dukansa, ba shi da lokacin sauraron bayanin dokar Jihar Gombe. Yana duba takarda ne ya kwatanta da abin da ke jerinsa, idan suka saɓa ya ce a koma gefe.

Akwai kuma waɗanda iyayensu suka taso daga wata ƙaramar hukuma suka zauna a nan shekaru masu yawa. Su lamarinsu ya danganta da abin da suka riga suka rubuta a takardunsu na baya. Wanda ya rubuta Dukku a sakandare da katin ɗan ƙasa, kada ya ce yau zai koma Akko don an buɗe sabon ofishi kusa da gida kuma yana ganin za a ɗauki ma'aikata. Takardu biyu masu asali biyu matsala ce da ke bin mutum har ranar ritayarsa, kuma na ga manya masu furfura suna yawon rantsuwa a kotu saboda abin da suka yi da ƙuruciya.

Katin zaɓena fa?

Yana nan daram. Rumfarka da mazaɓarka ba su motsa ba.

Hakiminmu da dagacinmu za su canja?

Ba za su canja ba saboda wannan doka. Sarauta hanyarta daban, mulkin ƙaramar hukuma hanyarsa daban. Mai Martaba Sarkin Pindiga yana nan a gadonsa, hakimai da dagatai suna nan ƙarƙashin masarautarsu. Masu yaɗa cewa za a sauke wane a naɗa wane, su ji tsoron Allah su daina haɗa gidaje faɗa.

To in ba ƙaramar hukuma ba ce, mene ne amfaninta?

Wannan tambaya tana ɓata mini rai, domin yawanci masu yin ta mazauna cikin garin Gombe ne da ba su taɓa biyan kuɗin acaɓa daga ƙauye zuwa bakin titi da damina ba. A ƙidayar 2006 Akko tana da mutane fiye da 330,000, ita ce ta fi kowace ƙaramar hukuma a jihar yawan jama'a, kuma shekaru kusan ashirin sun wuce ana haihuwa. Sakatariya ɗaya ba za ta iya sanin wace rijiyar burtsatse ce ta lalace a kowace ruga ba. Ayyukan da Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi, irin su kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a harkar makarantun firamare da ƙananan asibitoci, duk ayyuka ne da ke son ido na kusa. Manomin da a da sai ya bar gonarsa wuni guda domin sa hannu ɗaya, idan yanzu zai gama ya dawo kafin azahar, ya samu wani abu.

Abuja za ta turo mana namu kason kuɗi?

Ba za ta turo ba. Rabon arzikin ƙasa da sunan ƙananan hukumomi 11 yake zuwa, kuma ko hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, su ya shafa. Tukunyar ba ta ƙara girma ba, kwanukan ne suka ƙaru. Saboda haka a dage wajen karɓar rasit a kasuwa da tasha, a kuma riƙa tambayar inda kuɗin shiga ke tafiya.

Yankin na wace ƙabila ne?

Na duk wanda ke cikinsa ne. Pindiga tsohon gari ne na Jukunawa, yana nan da sarautarsa tun kafin Buba Yero ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ya kafa masarautar Gombe a farkon ƙarni na 19, kuma babu mai musun wannan. Amma Fulani da Hausawa da Barebari da Tangale da sauransu sun daɗe suna noma da kiwo da auratayya a wannan ƙasa, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011 ta jawo baƙi daga ko'ina a Najeriya. Matasan da ke rubuce-rubuce a Facebook cewa kujera tasu ce su kaɗai, su tambayi kakanninsu wa ya auri wa.

Wata gwamnati za ta iya soke shi?

Za ta iya, tunda dokar jiha ce ta kafa shi, kuma majalisar da ta yi doka tana da ikon warware ta. A Jamhuriya ta Biyu jihohi sun ƙirƙiro ƙananan hukumomi da yawa, gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rushe su a 1984, aka koma 301. Amma kada wannan ya karya muku gwiwa. Jihar Legas ta ƙirƙiro 37 a 2003, gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumominta, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2004 cewa riƙe kuɗin bai halatta ba, ko da yake sababbin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su cikin Kundin Tsarin Mulki kamar yadda sashe na 8 ya tanada. Ba a shigar da su ba, amma suna nan suna aiki har yau a matsayin yankunan raya ƙasa.

Gonata tana kan iyaka, gidana a can, gonar a nan. Zan rasa ta?

Ba za ka rasa ta ba, Malam. Iyakar mulki ba ta ƙwace gado, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba ta ce sai mazaunin yanki ne zai mallaki gona a cikinsa ba. Ka ci gaba da nomanka. Idan sayen ta ka yi kuma babu rubutu, ka nemi wanda ya sayar maka da maƙwabtan gonar tun suna raye, ku je gaban dagacin wurin a rubuta iyakokinta huɗu, kowa ya sa hannu.