Don Allah ku cire MD5 daga aikinku

Wannan makon ma na sake gani. An kira ni in duba yadda ake haɗa wata manhaja, sai na tarar duk kayan aikin da suke saukowa da su daga intanet da MD5, wata tsohuwar hanyar hash, ake tantance su. Na tambayi yaron da ke kula da wurin, ya ce haka ya tarar, kuma bai taɓa ba shi matsala ba. Kullum amsar ke nan, haka na tarar.

'Yan'uwa masu haɗa manhaja, kun san aikin hash. Lamba ce da ake cirowa daga fayil kamar zanen yatsa, ko harafi ɗaya aka taɓa sai ta canja. Ranar da wani ya iya ƙera fayil biyu daban masu lamba ɗaya, amfaninta wajen tsaro ya ƙare. Tun 2004 mai bincike Wang Xiaoyun da abokan aikinta suka yi wa MD5 haka. A 2012 aka gano muguwar manhajar nan Flame, wadda ta bi ta wannan raunin ta haɗa takardar shaida ta bogi kamar daga Microsoft ta fito. Yau kwamfutar da ke kan teburinku ma tana iya ƙera fayil biyu masu lambar MD5 ɗaya cikin ɗan lokaci. Duk da haka sai ku ce mini ai ya fi sauri. Haba jama'a!

Masu gudu zuwa SHA-1, wata hanyar hash ɗin, su ma ba su tsira ba. A 2017 Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fitar da PDF biyu daban masu lambar SHA-1 ɗaya, kuma hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta ce a gama barinsa kafin ƙarshen 2030.

Na san aiki ya yi muku yawa, ana jiran ku miƙa manhaja, ba wanda ke son taɓa abin da ke tafiya lafiya. Amma gyaran nan sau da yawa layi ɗaya ne.

Ku koma SHA-256 ko SHA-3, hanyoyin hash da ba a karya ba. Kada ku rubuta naku da kanku, ku ɗauko daga shiryayyun kayan aikin tsaro irin su OpenSSL ko libsodium, ku riƙa sabunta su. Lambar tantancewa ku ajiye ta a ma'ajiyar aikinku, domin wanda ya iya sauya fayil a wani shafi zai iya sauya lambar da ke gefensa. Idan lamba ba ta dace ba, haɗawa ta tsaya nan take. Adana kalmar sirri kuwa sai da hanyoyin da aka yi domin ta, Argon2 ko bcrypt.

Yau kafin ku tashi, ku binciki kalmar md5 a cikin aikinku ku ga sau nawa za ta fito.