Tsara fuskar manhaja a agogon zamani

Tsara fuskar manhaja a agogon zamani reshe ne na aikin ƙirƙirar manhajoji da ya shafi abin da mai agogo yake gani, yake taɓawa, ko yake ji a fatar wuyan hannunsa. Agogon zamani, wanda masu sayar da waya a Adum da Kejetia cikin Kumasi ke kira simatwoch, ƙaramar kwamfuta ce ta ɗaurawa a hannu, galibi haɗe da waya ta Bluetooth. Gilashinsa bai cika wuce inci 2 ba, batirinsa ɗan mitsitsi ne, mai shi kuma yawanci yana cikin tafiya ko hannunsa guda na riƙe da kaya. Don haka ma'aunin wannan aiki shi ne kallo ɗaya: a ɗaga hannu, a ga abin da ake nema cikin 'yan daƙiƙu, a sauke.

Tarihi

Tun wajajen 1984 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogunan da ke ajiye gajeren rubutu, kamar RC-1000 da ake jona wa kwamfuta da igiya. A 1994 Timex da Microsoft suka kawo Datalink. Yadda ake ɗura masa bayani abin kallo ne: mutum ya kara agogon a gaban allon kwamfuta irin na da mai ƙeya, allon ya riƙa walƙiya da layukan haske, wani ɗan ido a jikin agogon ya karance su ya mayar da su lambobin waya da ranakun alƙawari. A 2004 Microsoft ya sake gwadawa da agogunan SPOT, masu karɓar labarai da yanayin sama ta zangon rediyon FM. Kasuwarsu ba ta yi armashi ba, aka daina sayar da su wajen 2008.

Agogon da ya farfaɗo da harkar shi ne Pebble, wanda ya tara fiye da dala miliyan 10 a Kickstarter, dandalin tara kuɗi daga jama'a, a 2012. Gilashinsa fari da baƙi ne, ɗigo 144 a faɗi da 168 a tsawo, ba a taɓa shi da yatsa. Maɓallai huɗu ne ke gudanar da komai: uku a dama don hawa, sauka da zaɓe, ɗaya a hagu don komawa baya. Wannan ƙarancin ya zame masa alheri, domin caji ɗaya yakan kai kusan mako, kuma mutum kan sarrafa shi ba tare da ya kalla ba. A ƙarshen 2016 Fitbit ya sayi kadarorin kamfanin.

Google ya sanar da Android Wear, tsarinsa na gudanar da agogo, a Maris ɗin 2014, da tsarin katuna da ake ja da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Agogon Moto 360 na wannan shekara ya zo da fuska mai zagaye, sai dai akwai baƙin yanki a ƙasansa inda aka ɓoye na'urar auna haske, har mutane suka laƙaba masa sunan taya mai faci. A 2018 aka sauya sunan Android Wear zuwa Wear OS, a 2021 kuma Samsung ya bar nasa tsarin na Tizen a sababbin agogunansa ya haɗa kai da Google.

Apple Watch ya shiga kasuwa a Afrilun 2015. Ya mayar da ɗan kunnen da ake wana agogon da ya zama abin gungura rubutu, don kada yatsa ya rufe abin da ake karantawa. Samsung ya bi wata hanyar a Gear S2 na wannan shekara, inda zoben da ya kewaye gilashin ne ake juyawa.

Abin lura a tarihin nan shi ne yawan abin da aka cire. Apple ya janye tsarin Glances, wato allunan taƙaitaccen bayani, a 2016. Force Touch, wato danna gilashi da ƙarfi don buɗe ɓoyayyen zaɓi, shi ma an soke shi a 2020, domin abin da ido bai gani ba da wuya hannu ya lalubo shi. Kamfanoni da dama da suka yi gaggawar ɗora manhajarsu ta waya a kan agogo sun janye ta daga baya.

Ƙa'idojin aiki

Kowane allo aiki ɗaya ake ba shi. Rubutu gajere ne kuma manya, shi ya sa Apple ya zana salon haruffa na musamman, San Francisco Compact, mai sarari tsakanin baƙaƙe. Ƙa'idar Android ta nemi wurin taɓawa kada ya gaza 48 dp (ma'aunin girman abu a allo) a faɗi da tsawo, abin da ke nufin maɓallai biyu ko uku sun cika fuskar. A agogo mai zagaye kusurwoyi sun tafi, sai a tara muhimmin abu a tsakiya.

Baƙin bango ba ado ba ne. A gilashin OLED ɗigon da yake baƙi a kashe yake, ba ya cin batir. Idan fuskar tana kunne kullum, akan rage haske, a ɗauke hannun daƙiƙa, a kuma ɗan gusa hoton lokaci zuwa lokaci don kada ya ƙone a jikin gilashin.

Ƙananan bayanan da ke gefen lokaci, irin su kwanan wata ko yawan taku, gado ne daga maƙeran agogon Turai. Girgiza kuwa ita ce muryar agogo: bugu ɗaya daban, biyu daban.

A Zangon Kumasi

A Aboabo da Asawase agogunan da aka fi gani ba na Apple ba ne. Na Oraimo ne da itel da wasu marasa suna daga Sin, waɗanda ba a iya ɗora musu sabuwar manhaja, sai dai a sauya hoton fuska daga waya. Mai saye yakan fara da tambaya biyu: kwana nawa caji yake yi, kuma yana nuna saƙon WhatsApp? Wanda ya rayu cikin shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, ba ya wasa da ta farkon.

Lokutan salla, alƙibla da ƙirgen tasbihi sun dace da agogo ƙwarai, tunda duk abin kallo ɗaya ne. Daga Kumasi alƙibla tana gabas maso arewa, amma kibiyar ba ta da amfani in agogon ba shi da kamfas na gaskiya. Alwala ma tana da nata hukuncin: ɗigon ruwa a gilashi agogo kan ɗauke shi tamkar yatsa, ya buɗe abin da ba a nema ba. Manyan agoguna suna da makullin ruwa saboda haka. Ƙirgen tasbihi mai kyau yakan mayar da dukan fuskar maɓalli guda, ya yi girgiza a 33, ta yadda mai zikiri a cikin tirotiro, wato ƙaramar motar haya, ba sai ya duba ba.

Rubutun Hausa yana shan wahala a ƙananan agoguna. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sukan fito a matsayin akwati ko alamar tambaya idan ba a saka su cikin salon haruffan agogon ba. Ajami, da ake rubutawa daga dama, ya fi fuskantar wannan matsala.

Kuɗin waya, wato MoMo, har yanzu ta lambobi irin *170# da manhajar waya aka fi yin sa, ba ta agogo ba.

Saɓani

Ana muhawara kan ko koren hasken da ke auna bugun zuciya yana aiki daidai a baƙar fata. Sakamakon bincike ya bambanta. Haka nan ba a daidaita ba kan fuska mai zagaye da mai kusurwa huɗu.